Malam, Hadda Ba Ta Buɗe Muhawara

Na karanta shawarar da wani malamin Turanci ya ba ɗalibai a jarida, wai kafin jarrabawar WAEC su haddace gabatarwar insha'in muhawara guda, su riƙa liƙa ta a kan kowane batu. Malam, da girmanka, wannan koyar da lalaci ne.

Mai duba takardu yana gane haddar tun layin farko: a gaida alƙalai, a gaida mai lura da lokaci, a kwaso ma'ana daga ƙamus, sai kame-kame. Kalma 450 ake nema a insha'in, yaro ya cinye rubu'insu bai faɗi inda ya tsaya ba. Gaisuwa layi ɗaya ta wadatar.

A ba ɗalibar Kafanchan batu: manomi ya bar citta ya koma masara? Ai abin buɗe magana yana gidansu. A daminar 2023 cuta ta ruɓar da citta a gonakin Kachia, Jaba da Kagarko. Ta ga babanta ya tono saiwa ta dame a hannunsa. Ta fara da wannan, ta ce duk da haka tana bayan citta, ta kawo dalili ɗaya. Shi ke nan.

Ka ce Turancin yaranmu bai kai ba. To, me ake horar da malamai a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya su yi? Yaron da ke ciniki da Hausa a kasuwa, ya koma gida ya yi gardama da Jju ko Tyap, ya iya kare ra'ayi. Ba shi alli, ya fara a allo gobe.