Kada a yar da tsohuwar ƙaramar kwamfuta

Ma'aikacin tarayya da ke sammako daga Keffi zuwa Abuja yakan tara muhimman takardunsa a waya guda: takardar ɗaukar aiki, ta ƙarin girma da na fansho. Ranar da aka zare wayar a motar haya, sai ya shiga bin ofisoshi yana roƙon kwafi.

Alhali wata ƙaramar kwamfuta irin Asus Eee PC, wadda ta fara fitowa a 2007, tana can ƙarƙashin gadonsa tana shan ƙura. Ta gaza ɗaukar intanet na yau, amma ta isa zama rumbun takardun gida. A sanya mata Linux mara nauyi da manhajar Samba, a jona mata faifan ajiya, a haɗa ta da Wi-Fi na gida. Daga nan wayoyin gidan za su riƙa ajiya da ɗauka ba tare da ƙona data ba, ga ƙarancin cin wuta.

Sai dai na'urar ta tsufa, tilas a ajiye kwafi na biyu a wani faifan. Takardun sirrin gwamnati kuwa, ofis ne mazauninsu.