Yabon Tausayi Ba Koyarwa Ba Ne

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin wasu masu koyar da ilimin kwamfuta: "Tunda yana aiki, a ƙyale shi." Ana jin ta musamman idan ɗalibin ya fito daga unguwa irin Kara-Kara, wadda aka daɗe ana yi wa kallon matattarar kutare da marasa galihu a Damagaram, kuma fim ɗin Aïcha Macky na 2021 ya nuna wa duniya rayuwar samarinta. Sai a ce yaron da ya tashi a nan ya yi ƙoƙari, kada a karya masa gwiwa. Wannan raini ne sanye da rigar tausayi.

A ɗauki aikin da ake yawan ba ɗan koyo: ya rubuta manhajar da za ta zana allon darar Turawa a fuskar kwamfuta, layi 8 a tsaye, 8 a kwance, gida 64, fari da baƙi. Abin da ya kan yi sananne ne. Ya rubuta umarnin zana gida ɗaya, ya kwafe shi sau 64, yana sauya lambobi da hannu. Faɗin gida kuwa ya watsa shi ko'ina a matsayin 50, sunayen abubuwa su zama a, b, x2. Allo ya fito tsaf, malam ya sa maki, a tashi.

Me aka hana yaron? An hana shi sanin cewa umarnin maimaici guda biyu, ɗaya cikin ɗaya, sun isa su zana allon duka. An hana shi gano cewa launin kowane gida yana fitowa daga haɗa lambar layin tsaye da ta kwance: idan jimillar ta rabu biyu ba saura, launi ɗaya, in ba haka ba, ɗayan. An hana shi darasin cewa inda ƴaƴan wasa suke zaune abu ne daban, zanen da ido ke gani abu ne daban, kuma ba a cakuɗa su.

Mai musu ya gwada. A ce wa ɗalibin ya mai da allon nasa na darar gida, wadda dattawa ke yi a rairayi: gurbi 30, layi 5 da layi 6, kowane ɗan wasa da ƴaƴa 12. Wanda aka gyara wa salo zai sauya lambobi kaɗan ya gama. Wanda aka yaba wa kawai zai goge komai ya koma farko. A nan ne yabon tausayi ke tona asirin kansa.

Masu sana'ar sun daɗe da fahimtar haka. Tun 2001 masu harshen Python suka fitar da ƙa'idar salo mai suna PEP 8, wadda ta tsara har yawan tazarar farkon layi da yadda ake raɗa suna, domin mutum ne zai karanta rubutun gobe, shi zai gyara shi. Kuma tun fitowar Python 3 a 2008, ana iya sa ƙ da ɗ da ɓ cikin sunaye. Babu abin da ya hana yaro ya rubuta faɗin_gida maimakon x, ya fahimci abin da hannunsa ya rubuta.

Za a ce suka na korar ɗan koyo. Cin mutunci ne ke kora, gyara kuwa jawo mutum yake yi. Badukun Zinder ya kan warware ɗinkin yaronsa ya sa shi ya sake, don ya ɗauke shi a matsayin magajin sana'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malami ya fara da abin da ya yi daidai, ya zaɓi gyara biyu ko uku, ya faɗi dalilin kowanne, sannan ya bar yaro ya sake rubutawa da kansa.

Malamai da ƙungiyoyin da ke tara matasa a gaban kwamfuta su daina auna ɗan Kara-Kara da ƙaramin mudu. Haƙƙinsa ne a karanta aikinsa layi bayan layi, kamar yadda za a karanta na ɗan kowa.