9 ga Fabrairu: Daga Gadar Yamai Zuwa Gaɓar Komadugu

Duk shekara, in ranar 9 ga watan Fabrairu ta zagayo, ƙungiyar ɗalibai ta USN takan tuna da mamatanta, kuma hakan daidai ne. A wannan rana ce, cikin shekarar 1990, wata Jumma'a, jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan ɗaliban da suka taso daga jami'a suna neman tsallaka gadar Kenedi zuwa tsakiyar Yamai, don nuna ƙin amincewa da matakan tsuke bakin aljihu da suka shafi ilimi. Ɗalibai uku suka riga mu gidan gaskiya. Jininsu ne ya girgiza mulkin jam'iyya ɗaya tilo na Janar Ali Saibu: kafin shekarar ta ƙare an amince da tsarin jam'iyyu barkatai, ranar 29 ga Yuli 1991 kuma aka buɗe Babban Taron Ƙasa, inda aka tono batun gadar a bainar jama'a, aka kira manya suka ba da bahasi.

Amma wannan rana tana da wata fuska da ba a cika ambato ba. Shekaru 25 cif bayan abin da ya faru a gadar, ranar Litinin 9 ga Fabrairu 2015, mayaƙan Boko Haram suka kai farmaki gidan kason Difa, kwana uku kacal bayan harinsu na farko a Boso da Difa. A ranar dai majalisar dokoki ta amince baki ɗaya da a tura soja su yaƙi ƙungiyar a cikin Nijeriya. Washegari aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa, dokar da aka yi ta sabuntawa shekara da shekaru.

Ba mu musun cewa ƙasa tana da haƙƙin kare kanta, ba mu kuma raina sadaukarwar sojojinmu ba. A tsibirin Karamga kaɗai, ranar 25 ga Afrilu 2015, gwamnati ta ce an rasa soja 46 da farar hula 28. Tambayarmu ita ce: wa ya biya kuɗin wannan doka? Ɗan kasuwa ya san amsa. Tattasan kwarin Komadugu, wanda ake busarwa a ɗura a buhu a nufi kasuwannin Nijeriya da na Damagaram da Maraɗi, shi ne gatan manomi da dillali da direba da ɗan dako. An hana cinikinsa bisa hujjar cewa ƴan ta'adda na karɓar haraji a kansa. An hana su da fataucin banda daga tafkin Cadi. An hana hawa babur, wato an kashe sana'ar dubban ƴan kabu-kabu da dare ɗaya. An taƙaita sayen takin zamani don gudun a haɗa bam da shi. An rufe kasuwanni. Cikin watan Mayu kuma aka umarci mazauna tsibiran tafkin su tashi, suka taka a ƙasa cikin zafin bazara zuwa Ngigmi. Sai a 2017 aka sassauta batun tattasai, na kifi kuwa ya kai 2019. Kafin nan jari da yawa ya karye, kuma kowa ya san abin da saurayi marar sana'a ke iya faɗawa ciki. Garin neman gira an kusa rasa ido.

Mutanen Asaga shaida ne. Ƙauyensu na gaɓar kogi, gabas da birnin Difa, kusa da gonakinsu na rani. A 2015 suka watse suka koma bakin kwalta, hanyar ƙasa mai lamba 1, cikin bukkokin zana da tampol, tare da maƙwabtansu na tsallake da suka gudo daga Barno. Manomin da ke fid da zakka ya wayi gari yana layin taimako. Malaman makaranta da na asibiti da aka tura yankin su ma sun ga abin da suka gani, wasu sun bi ɗalibansu har bakin hanyar suna koyarwa a rumfa.

Abin da ya bambanta ranakun biyu shi ne bahasi. Ɗaliban 1990 an san sunayensu, an yi muhawara a kan mutuwarsu. Difa kuwa tana nesa da Yamai da fiye da kilomita 1,300, kuma da alama nisan ya shafi har tunawa. Mutum nawa aka kashe a kwarin Komadugu, su wane ne? Ina labarin waɗanda ba su dawo ba cikin mata da yaran da aka sace a Ngalewa a Yulin 2017? Nawa manoman tattasai da masunta suka yi hasara, wa kuma ya taɓa zama ya lissafa? A lokacin, wanda ya yi ƙoƙarin ɗaga murya kan kwashe mutanen tsibirai, kamar Musa Cangari na ƙungiyoyin farar hula, tsare shi aka yi.

Muna kira ga mahukunta su sa gwamnan jiha da sarakunan gargajiya da limamai su tattara sunayen mamata da waɗanda suka ɓata, gari bayan gari, a buga su kowa ya gani. Majalisar ƴan kasuwa ta ƙididdige hasarar tattasai da kifi, a ɗora maganar diyya ko rance mai sauƙi a kan alƙaluma. Ita kuma USN, da ƙungiyoyin ƙwadago da suka mara mata baya a 1990, in sun taru a bakin gada ranar 9 ga Fabrairu mai zuwa, muna fatan su gayyato wakilai daga Asaga da Boso da Tumur, a ba su dama su yi magana da bakinsu.