BARIN INJIN GAS YANA RURI A TSAYE DA HUNTURU: LARURA CE KO ƁARNAR DUKIYA?

 

Kowace shekara idan hunturu ya kama, wanda ya fito sallar asuba kusa da tashar mota ko bakin kasuwa ya kan tarar da motocin a-kori-kura masu shan man gas a jere, injinansu suna ta ruri, direbobi kuwa suna can teburin mai shayi. In an tambaye su sai su ce wamin a ke yi, watau ɗumama inji, wai in bai sami rabin sa'a ba zai lalace. Wannan al'ada daga ƙasashen ƙanƙara ta fito, can ɗin ma yanzu ta zama abin jayayya, har hukumomi sun sa mata doka. Tun da ya ke attajirai da fatake su ke biyan kuɗin man da a ke ƙonawa, ya kamata a bi maganar tun daga tushe.

Injin gas wani Bajamushe ne mai suna Rudolf Diesel ya ƙago shi, ya kuwa fara aiki sosai a garin Augsburg cikin 1897. Bambancinsa da injin fetur shi ne ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi. Iska ya ke zuƙa, fistin ya matse ta ninki goma sha biyar zuwa ashirin, har zafinta ya wuce digiri 500, sa'an nan a fesa mai, ya kama da kansa. Ke nan rayuwar wannan inji duk a kan zafi ta ke. Idan ƙarfe ya kwana cikin sanyi sai ya shanye zafin iskar, wuta ta ƙi kamawa. Ban da wannan, baƙin mai ya kan yi kauri, ƙarfin batir ya ragu. Shi kansa man gas akwai kaki a cikinsa, in sanyi ya tsananta sai ya yi barci kamar yadda man shanu ya ke yi, ya toshe matata. Saboda haka ne a Jamus, daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu, a ke sayar da man da zai jure har digiri 20 ƙasa da sifili.

Lalle akwai wuraren da kashe inji halaka ne. A birnin Yakutsk na ƙasar Rasha, sanyin Janairu ya kan kai wajen digiri 40 ƙasa da sifili, a ƙauyen Oymyakon kuwa an auna 67.7 ƙasa da sifili cikin 1933. Direban da ya kashe mota a fili a irin wannan wuri, mai yiwuwa ne ba za ta sake tashi ba sai an hura mata zafi, don haka a kan bar inji yana aiki yini guda, wani ma dare da rana. Amma mutanen Kanada da Alaska, waɗanda su ma suna shan ɗari mai tsanani, sun sami wata dabara. Sun sa wa inji abin ɗumamawa na lantarki, a wuraren ajiye motoci na Winnipeg da Fairbanks akwai turaku masu soket, mutum ya jona wayarsa ya tafi, ya komo ya tarar da inji da ɗumi ba tare da an ƙona ko ɗigon mai ba.

Abin da masu riƙo da tsohuwar al'ada ba su lura ba shi ne injin ya sake. Na yanzu yana da hita mai yin ja cikin 'yan daƙiƙu, ga baƙin mai marar kauri mai zagaya inji nan da nan. Sa'an nan injin gas in yana silo mai kaɗan ya ke sha, zafi kaɗan ya ke bayarwa, sai ya daɗe ƙwarai bai yi ɗumi ba. Cikin wannan hali mai ba ya ƙonewa sarai. Ragowarsa ta kan wanke maiƙon jikin silinda, ta gangara ta gauraye da baƙin mai ta tsinka shi, kunkunniya kuma ta taru a bakin nozul. Tun daga 2007 a Amurka, da 2009 a Turai, sababbin motocin gas suna ɗauke da wata matata cikin salansa mai tare kunkunniya, wadda ba ta wanke kanta sai zafinta ya kai wajen digiri 600. Motar da ke tsaye ba ta kai wa wannan zafi, sai matatar ta cushe, gyaranta kuwa da tsada. Irin waɗannan motoci su ne a ke saukewa a Kwatano da Ikko a kawo Arewa. Ashe wanda ya bar inji rabin sa'a don tausayinsa, gyaran gangar auzinawa ya yi.

Hukumomin ƙasashen nan ba don tausayin inji su ka yi doka ba, don lafiyar jama'a ne. Cikin watan Yuni na 2012, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Lyon na Faransa, ta yanke cewa hayaƙin gas yana jawo dajin huhu. A birnin New York an hana barin inji a tsaye fiye da minti uku, kusa da makaranta kuwa minti ɗaya, cikin 2018 kuma aka yi dokar da ta ba wanda ya kai ƙarar babbar mota ko bas rubu'in tarar da aka ci. A Toronto, duk da ƙanƙararsu, an mai da iyakar minti ɗaya cikin 2010. A Jamus tarar ta kai Yuro 80 cikin 2021.

To, ina ƙasar Hausa cikin wannan lissafi? Sanyin Kano da Katsina da Maradi, ko a tsakiyar hunturu, da wuya ya sauka ƙasa da digiri goma bisa sifili. Jos ta fi su ɗari, amma ba ta kai ga daskarar da man gas ba. Sai can Bilma da duwatsun Azbin ne ruwa ya kan daskare wasu darare, direbobin sahara kuwa suna da ɗan uzurin da na kasuwar Dawanau ba shi da shi. Ga kuma tsadar mai. A farkon 2022 litar gas a Nijeriya ba ta kai Naira 300 ba, kafin ƙarshen shekarar, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, ta wuce 800, cikin 2023 ta haye 1,000. A-kori-kura a tsaye ta kan sha lita ɗaya zuwa biyu cikin sa'a. A ƙaddara rabin sa'a da asuba, rabin sa'a wajen lodi, a ɗauki mafi ƙaranci, lita guda ke nan a yini. Kwana casa'in na hunturu lita casa'in ne, a farashin Naira dubu kuwa Naira 90,000. Attajiri mai mota goma ya yi asarar 900,000 ba a gusa ko taku ɗaya ba, ban da kuɗin juye da na bakanike.

Malamai sun san wannan babi sarai. Larura ta kan halatta abin da aka hana, amma gwargwadonta a ke ɗauka, in dalili ya kau hukunci ya kau. Wanda ya ji tsoron ruwan sanyi zai cuce shi, bai kuwa sami abin ɗumama shi ba, an yardar masa taimama. Amma wanda ke da wuta da tukunya a gabansa ba ya kafa hujja da shi. Haka direban Yakutsk ya ke da direban Funtuwa. Sa'an nan man da ke cikin tanki amana ce a hannun direba, ƙona shi a banza almubazzaranci ne da dukiyar wani. Akwai kuma haƙƙin maƙwabci, gama almajiran da ke kwance a rumfunan tasha, da masu tuyar ƙosai, da tsofaffi masu tari, su ke shaƙar hayaƙin da ƙurar hunturu ta hana tashi sama.

Duk da haka ba daidai ba ne a ɗora wa direbobi laifi duka. Da yawansu suna ƙin kashe mota ne don batir ya mutu, mai mota kuwa ya ƙi sayen sabo, in ta mutu sai turi. Wannan gyaransa yana wuyan mai dukiya. Babbar mota mai birkin iska tilas ta jira iska ta cika kafin ta tashi. Inji mai turbo wanda ya sha doguwar tafiya da kaya, daidai ne a bar shi minti biyu ko uku ya huce kafin a kashe. Waɗannan duka suna da dalili, suna kuma da iyaka.

Abin da ya dace da a-kori-kura a sanyin ƙasar Hausa ba shi da wuya. A murɗa makulli a jira fitilar hita ta mutu, a tayar, a ba baƙin mai minti ɗaya ko biyu ya zagaya, sa'an nan a kama hanya a hankali ba tare da taka totur da ƙarfi ba har allurar zafi ta motsa. Tafiya ita ke ɗumama inji. In tsayuwa za ta wuce 'yan mintoci, a kashe. Attajirin da ya sayi batir mai kyau, ya kuma tara direbobinsa ya karanta musu wannan lissafi kafin sanyi ya shigo, zai ga bambanci a littafin kuɗinsa kafin bazara.

Allah ya sa albarka cikin nema, ya tsare bayinsa daga ɓarna.