Tauraro ne Ma'aunin Masu Gyara Einstein

Duk ɗalibin Rano ko Kibiya da ya taɓa ninƙaya a madatsar ruwa ta Tiga ya san cewa gwargwadon nutsewar mutum, gwargwadon yadda ruwa ke danne masa kunne. Ruwan ƙasa ne ke ɗauke da nauyin na sama. To, haka tauraro yake. Masana kan ɗauke shi tamkar dunƙulen ruwa mai siffar ƙwallo, wanda nauyinsa ke jan sa ciki, matsin cikinsa kuma na tura shi waje. Muddin biyun sun yi daidai, tauraro na nan daram.

A ƙa'idar Newton ta ƙarfin jan nauyi, wadda ake koyarwa a sakandare, lissafin wannan daidaito ba shi da wuya. Amma a ƙa'idar Einstein ta 1915 akwai abin mamaki: shi kansa matsin yana ƙara ƙarfin ja. Wato maganin na ƙara ciwon. A 1939 Tolman da Oppenheimer da Volkoff suka fitar da lissafin, aka kuma gane akwai iyakar nauyin da idan tauraro ya haura ta, sai ya rufta.

Inda abin ya fi tsananta shi ne tauraron niyutiron, wato gawar babban tauraro bayan ya fashe. Faɗinsa wajen kilomita 24 ne, kusan rabin tazarar Kano zuwa Rano, amma ya fi rana nauyi. Cikin ƙaramin cokali daga jikinsa ya haura tan biliyan ɗaya.

Tun daga 1998, da aka gano cewa faɗaɗar sararin samaniya ƙara sauri take yi, masana da dama suka duƙufa gyara ƙa'idar Einstein. Wannan ba laifi ba ne, domin shi ma Newton ya gyara. Sai dai kowace sabuwar ƙa'ida na sauya lissafin cikin tauraro, ta ba shi wani girma da wata iyakar nauyi dabam, kuma a nan ya kamata a ritsa ta. An auna tauraron PSR J0740+6620 an samu ya kai kusan rana biyu a nauyi. Ƙa'idar da ta kasa riƙe irin wannan ta faɗi. Da yawa daga takardun da ake wallafawa kuwa ba sa kai kansu ga wannan ma'auni. Sukan zaɓi lissafin da zai warwaru cikin sauƙi, su tsaya nan. Uzurinsu guda shi ne har yanzu ba a tantance halin abin da ke tsakiyar tauraron ba, don haka da wuya a rarrabe kuskuren ƙa'ida da kuskuren zato.

Malamin da ke koyar da jan nauyi kamar karatun da aka rufe yana tauye ɗalibansa. Ya dace ya gaya musu yadda ake jarraba shi. A ranar 29 ga Mayu 1919, a tsibirin Principe da ke kudu da gaɓar tekun Nijeriya, Eddington ya yi amfani da husufin rana ya auna lanƙwasar hasken taurari. A ranar 17 ga Agusta 2017 kuma aka tsinkayi karon taurarin niyutiron biyu: girgizar jan nauyi da hasken gama sun yi tafiyar shekara miliyan 130, suka iso da ratar daƙiƙa 1.7 kacal. Ƙa'idojin da suka ce gudun biyun ya bambanta sosai, a ranar suka rushe.