ZAUREN LAFIYA: Mai ciwon dajin mafitsara, kada ka zauna kai ɗaya

Ga mu kuma cikin zaurenmu na kowane wata. Hirarmu ta yau bisa wani ciwo take wanda mutane ba su son faɗin sunanshi gaban jama'a, wato ciwon daji na mafitsara. A likita ana ce mishi kansa.

Bari in fara da labarin kawuna, don shi ya sa na ɗauko maganar.

Kawu manomi ne, yana da garka bakin tabki. Tun yana yaro cikin tabkin nan yake wanka, nan yake shayar da shanu. Da ya kai shekara 50 sai ya fara ganin jini cikin fitsari. Babu zafi. Jinin ya zo kwana biyu, ya ɗauke wata guda, ya komo. Kawu ya ce ai tsargiya ce, wa bai yi ta ba a garinmu? Bai gaya ma kowa ba, har matarshi. Ya sha saiwa, ya sha jiƙo, ya sayi ƙwayoyi wajen mai tebur ran kasuwa. Sai da ya fara rama sannan ya yarda muka kai shi likita. Majo ya duba shi, ya ba mu takarda zuwa babban asibiti.

Can aka yi awo. Lokotoro ya ce akwai tsiro cikin mafitsara, sai an yi aiki. Kawu ya fito, ya zauna ƙarƙashin dogon yaro, ya ce mini: "Ɗana, nemo mana mota mu koma gida. In mutuwa ce, gara ta iske ni cikin ɗakina."

Akwai wani dattijo makiyayi zaune kusa da mu, da takardu cikin leda. Ya matso, ya ce: "Sannu Malam. Mi suka ce maka?" Kawu ya faɗa mishi. Dattijon ya ce: "Ni ma abin da suka ce mini ke nan shekara 3 da suka wuce. Ga ni gabanka. Awo na zo, gobe in Allah ya yarda ina wajen dabbobina."

Suka yi ta magana tun azahar har la'asar. Kawu ya tambaye shi abubuwan da ya ji kunyar tambayar lokotoro. Ana jin zafi lokacin aiki? Kwana nawa ake yi da tiyo? Mutum na iya komawa gona? Ina zancen iyali? Dattijon ya amsa abin da ya sani, abin da bai sani ba ya ce a tambayi lokotoro. Da muka tashi, kawu ya ce a yi aikin.

An yi, ya tashi. Bayan shekara guda tsiron ya sake fitowa, aka gan shi tun yana ƙarami, aka sake cire shi. Bana da hannunshi ya yanke gero. Amma cikin waɗanda suka kwanta ɗaki guda da shi, akwai waɗanda suka zo a makare, Allah ya yi musu cikawa. Allah ya jiƙan su.

Mine ne wannan ciwo?

Mafitsara ƴar jaka ce cikin mara. Ƙoda na tace jini, tana fitar da fitsari, mafitsara na tara shi. Ciwon daji shi ne naman bangon mafitsara ya riƙa tsirowa ba bisa ƙa'ida ba. Da fari tsiron yana bisa fatar ciki. In an bar shi sai ya shiga cikin bangon, daga nan ya bi jiki.

Babbar alamarshi jini cikin fitsari, sau da yawa ba tare da zafi ba, ya zo ya ɗauke. Wani yana yawan fitsari dare da rana, wani yana jin zafi in yana yi, wani yana ganin gudajin jini. In ciwon ya daɗe sai ciwon mara, da ciwon baya, da rama.

Ba kowane jini cikin fitsari ne ciwon daji ba. Tsargiya na kawo shi, tsakuwar ƙoda na kawo shi, ciwon sanyi ma haka. Awo kaɗai ke rarrabewa. Don haka babban mutum, namiji ko mace, in ya ga jini ko sau ɗaya ne, ya tafi likita. Ciwon ya fi kama maza, amma yana kama mata. Su kuwa sau da yawa suna tsammanin jinin al'ada ne, sai su makara.

Ba mu kaɗai ba ne. A shekarar 2022 mutum fiye da dubu 600 aka samu da wannan ciwo cikin duniya.

Daga ina yake zuwa?

Na farko, taba. Dafin hayaƙi na shiga jini, ƙoda ta tace shi, ya zo ya kwanta cikin mafitsara tare da fitsari. Mai shan sigari ya fi wanda ba ya sha haɗarin kamuwa wajen ninki 3.

Na biyu, tsargiya, wadda a likita ake ce ma bilarziyoz. Wannan ita ce tamu, mu mutanen bakin tabki da gulbi da gonakin shinkafa. Mai tsargiya ya yi fitsari cikin ruwa, ƙwan tsutsa su ƙyanƙyashe, su shiga ƙananan katantanwa. Daga nan su fito su huda fatar mai wanka, ko mai wanki, ko mai su, ko mai shayar da dabbobi. Tsutsar ta zauna cikin jijiyoyin jini na mafitsara, tana zuba ƙwai. Ƙwan na maƙalewa cikin bango, suna yi mishi miki shekara da shekaru. Ga wasu mutane mikin nan ne ke zama ciwon daji bayan sun manyanta. Tun shekarar 1911 wani lokotoro da ke aiki a Masar ya lura da haka. Kuma da mutanen Masar suka yaƙi tsargiya, irin ciwon dajin da take kawowa ya ragu ƙwarai a ƙasarsu.

A ƙasarmu, a shekarar 2004 aka fara babban rabon maganin tsargiya kyauta, musamman ga ƴan lakwal. Sunan ƙwayar parazikwantel. Ana tsai da yaro jikin sandar awo, tsawonshi ya nuna ƙwaya nawa zai sha. Duk wanda ya ce fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro, ya yi kuskure. Ciwo ne, kuma yana da magani. Amma ku riƙe wannan da kyau: ƙwayar tana kashe tsutsa, ba ta warkar da ciwon daji. In babba ya sha ta, jini bai daina ba, ya koma likita ya nemi a yi mishi awo mai zurfi.

Ciwon dajin mafitsara ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ba a ɗaukar shi ga ƙwarya, ko buta, ko tabarma, ko zaman aure. Ba sammu ba ne, ba kuma alamar mutum ya yi lalata ba ce.

Mi ake yi a asibiti?

Ana awon fitsari. Ana ɗaukar hoton ciki da na'ura, wato ekogarafi. Sannan ana sa wani siririn tiyo mai fitila ta hanyar fitsari, lokotoro ya ga cikin mafitsara da idonshi, ya ɗebi ɗan nama a auna.

In tsiron bai yi zurfi ba, ana kankare shi ta hanyar fitsari, ba sai an tsaga ciki ba. In ya shiga bango sosai, ana iya cire mafitsarar duka, a buɗe ma fitsari ƙofa ga gefen ciki, yana zuba cikin ƴar jakar roba da ake mannawa. Riga na rufe ta. Akwai kuma maganin da ake sawa ta jijiya, ana ce mishi shimiyo, da maganin haske mai ƙona tsiron. A shekarar 2021 aka buɗe wurin yin maganin haske a Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa, a Yamai. Kafin nan sai an fita ƙasashen waje.

Wannan ciwo yana da halin komowa. Shi ya sa ko mutum ya ji garau, kada ya bar ranar awo ta wuce. In kuma ciwon ya fi ƙarfin aiki, akwai maganin rage zafi mai ƙarfi. A roƙe shi, babu kunya.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Lokotoro ya san ciwo, amma mutane da yawa ke jiran shi bakin ƙofa. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba mishi. Wanda ya kwana da tiyo, ya hau mota da shi, ya tafi kasuwa da shi, yana da wani sani wanda sabon majinyaci ke bukata. To, ga abin da nike kira a yi cikin garuruwanmu da rugagenmu.

1. Masu ciwon su san juna. Ko mutum biyu ne ko uku, su riƙa haɗuwa ran kasuwa, ko su kira juna ga salula. Majon likitarku na iya haɗa ku in kowa ya yarda. Maza da maza, mata da mata, don a saki jiki.

2. Wanda ya riga zuwa asibiti ya gaya ma na baya hanya: inda mota ke saukewa, ƙofar da ake shiga, inda ake kwana, abin da ake riƙowa. Daga Damagaram zuwa Yamai wajen kilomita 900 ne, daga Maraɗi fiye da 600, daga Tawa fiye da 500. Baƙon da aka yi ma kwatance ba ya ɓarnar kwana da guzuri.

3. Ku da kuka koyi karatu a makarantar yaƙi da jahilci, ga ranarku. Ku tara ma majinyaci takardunshi duka cikin leda guda. Ku rubuta mishi ranar komawa. Ku rubuta tambayoyinshi tun gida, don gaban lokotoro mutum na mancewa.

4. A yi asusu. Matan jihar Maraɗi sun nuna mana hanya tun 1991 da ƙungiyoyin Mata Masu Dubara: kowa ya zuba kaɗan kowane sati, in bukata ta zo a buɗe akwati. Kuɗɗin mota na hana mutane da yawa komawa awo. A yi ma majinyaci gayya cikin gonarshi, a kama mishi kiwo har ya komo.

5. A koya ma juna zama da tiyo. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa shi da bayan an taɓa. Jakar fitsari ta zauna ƙasa da mara, kada a bari ta cika maƙil, kada a ja tiyon. A sha ruwa da yawa, sai fa in lokotoro ya hana. In fitsari ya tsaya, ko zazzaɓi ya zo da rawar jiki, ko gudajin jini suka yi yawa, a tafi likita a ranar.

6. Kada a bar majinyaci cikin ɗaki. Na san waɗanda suka daina zuwa masallaci da suna da biki don tsoron wari ko ɗigon fitsari. Malamai sun ce mai lalurar yoyon fitsari yana da sauƙi bisa alwala da salla. A raka shi wajen liman ya ji da kunnenshi. A ci abinci tare da shi kamar da. Matar da ke jinya ita ma a dube ta, a karɓe ta wani lokaci ta huta.

Akwai kuma abin da ba a yi. Kada ka ba ɗan uwanka sauran maganinka, don ciwonku na iya zama iri biyu. Kada ka ce mishi aiki kaza za a yi maka, wannan maganar lokotoro ce. Kada ka kai sirrinshi dandali. Kada ku riƙa ba sabon majinyaci labarin waɗanda suka mutu kaɗai, kada kuma ku yi mishi ƙaryar babu komi. In mai tallan magani da lasifika ya ce kwalba guda na warkar da ciwon daji, ku hana ɗan uwanku saida saniyarshi. Mai shan taba kuwa, ku taimake shi ya bari, ko da ciwon ya riga ya kama shi, barin na da amfani.

Yanzu kawu duk ran kasuwa yana zama kusa da likitar garinmu. Majo ya san shi. In an ba wani takarda zuwa babban asibiti yana ɗari-ɗari, sai majo ya ce mishi: "Baba, je ka gaida dattijon can tukuna." Mutum huɗu ya raka da ƙafarshi har tasha.

Jama'a, a karanta wannan shafi da ƙarfi a dandali da cikin gida, don waɗanda ba su iya karatu ba su ji. Wanda ke da wannan ciwo, ko yake jinyar wani, ya rubuto mana abin da ya koya. Za mu buga shi ba tare da sunanshi ba in haka ya fi so. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.