Darasin Dogon Hutu: Ina Makafi, Ina Kurame, Ina Guragu?

Da zarar an rufe makarantu a ƙarshen watan Yuli, sai a ga 'yan uwa matasa sun tashi tsaye a unguwanni suna shirya darasin hutu. Wasu su ari azuzuwan firamare, wasu su shimfiɗa tabarmi a harabar masallaci ko a zauren wani dattijo. A koyar da Alƙur'ani da Larabci, a haɗa da lissafi da Turanci da kimiyya, a wasu wuraren har da ɗinki da gyaran waya da kwamfuta, har zuwa watan Satumba da za a koma makaranta. Babu shakka wannan aiki ne na alheri, domin yana raba yara da zaman kashe wando, yana kuma taimaka wa ɗan talaka wanda ubansa ba shi da kuɗin ɗaukar masa malami. Allah Ya saka wa masu yinsa da alheri.

To amma akwai tambayar da ya wajaba masu shirya waɗannan darussa su yi wa kansu. Idan aka duba layin ɗalibai, makafi nawa ne a ciki? Kurame nawa? Guragu nawa? Ina yaron nan da ya kai shekara 16 amma har yanzu haɗa baƙi yana ba shi wuya, wanda 'yan ajinsu suka laƙaba wa daƙiƙi har ya daina zuwa? Gaskiyar magana ita ce a mafi yawan wuraren ba a ganinsu, alhali suna nan a unguwar, wasu ma gidansu yana jikin makarantar. Ba wanda ya kore su da baki. An dai sa ajin a saman bene, an rubuta darasi a allo ba tare da an karanta shi da murya ba, malami ya juya baya yana bayani, sannan ba wanda ya taka ya je gidansu ya ce su zo. Wanda aka yi wa haka ya san ba da shi ake ba.

Kuma ba 'yan kaɗan ba ne. A shekarar 2006 kaɗai, yara sama da 1,000 ne cutar shan inna ta kama a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa. An tabbatar da kawar da ainihin ƙwayar cutar daga nahiyar Afirka a watan Agustan 2020, amma yaran da ta riga ta shanye wa ƙafafu suna nan, yau samari ne da 'yan mata masu shekara ashirin ko sama da haka. Ga waɗanda sanƙarau ya toshe wa kunnuwa, ga waɗanda ƙyanda ta tafi da idanunsu. Makarantun da aka ware musu, irin ta Tudun Maliki a Kano da ta makafi a Gindiri ta Jihar Filato, ba za su ɗauke su duka ba. Waɗanda ma suka samu shiga, idan aka yi hutu gida suke dawowa su zauna, sa'o'insu suna wucewa ta ƙofar gida da littattafai. Wanda bai samu ba kuwa, sau da yawa ƙoƙon bara ake miƙa masa.

Gwamnati ta yi doka. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci. Dokar ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har zuwa sakandare, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin hukuma, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. An kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa a 2020. Wa'adin ya cika a Janairun 2024, kuma duk mai ido yana ganin yadda matattakala take tare gurgu a ƙofar makarantu da ofisoshi har gobe. Wannan abin takaici ne, kuma haƙƙi ne a ci gaba da tuhumar mahukunta a kai. Sai dai wanda yake kukan an danne haƙƙin raunana, bai kamata a je ajin da shi da kansa ya shirya a tarar ya manta da su ba.

Musulmi ma bai da buƙatar jiran dokar 2019 kafin ya san wannan. Farkon Suratu Abasa ya sauka ne a kan makaho, Abdullahi ɗan Ummi Maktum (RA), wanda ya zo neman ilimi a lokacin da Manzon Allah (SAW) yake magana da manyan Ƙuraishawa. Wannan bawan Allah ya zama ladani tare da Bilal (RA), kuma an sha barin sa ya ja wa mutanen Madina salla idan an fita yaƙi. Imam Shaɗibi, wanda har yau masu karatun ƙira'o'i suke haddace littafinsa, makaho ne. Da an bar su a gida saboda rashin gani, wace irin asara al'umma za ta yi?

Wani zai ce ai babu kuɗi, babu kayan aiki. To mafi yawan abin da ake buƙata ba na kuɗi ba ne. Na farko, kafin a fara darasi a bi unguwa gida gida, tare da mai unguwa da limami, a san su waye, a yi magana da iyayensu. A nemi Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da shugabannin kurame na garin, domin sun san mutanensu ɗaya bayan ɗaya. Na biyu, a sauko da aji ƙasa. Inda akwai dakali ko tudu a ƙofa, buhun siminti ɗaya da yashi sun isa a yi gangare wanda keke zai hau. A duba makewayi da wurin alwala, domin wanda ba zai iya kama ruwa a wuri ba, ba zai wuni a wurin ba.

Na uku shi ne yadda ake koyarwa. Duk abin da malami ya rubuta a allo ya faɗe shi da baki, makaho ya ji. Ya fuskanci ɗalibai idan yana magana, ya sa kurma a gaba inda zai ga bakinsa da allo. Kurame a ƙasar Hausa suna da harshensu na maganar hannu, kuma a kusan kowace unguwa akwai ƙani ko aboki da ya iya, sai a roƙe shi ya zauna yana fassarawa. Rubutun makafi na Braille ɗigo shida ne kacal ake jujjuyawa, akwai ma Alƙur'ani da aka buga da shi, kuma ɗalibin makarantar makafi da ya dawo hutu zai iya koya wa ɗan uwansa. Wayoyin zamani suna da manhajar da take karanta rubutu da murya, sannan ana iya naɗar darasi a tura wa ɗalibi ya maimaita a gida. Mai jinkirin fahimta kuwa a haɗa shi da ɗalibi guda mai haƙuri, a rage masa yawan aiki, a ƙara masa lokaci. Tun 2017 hukumar JAMB take shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a ta musamman, don haka makahon da aka taimaka wa da bita a hutun nan yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Na huɗu, kuma shi ya fi wuya, shi ne tarbiyyar sauran ɗalibai. Ranar farko a kafa doka cewa kowa da sunansa za a kira shi. Babu kiran mutum da lalurarsa, babu kwaikwayon tafiyarsa, babu dariya idan ya yi tuntuɓe a karatu. Haka nan kada a mayar da shi abin tausayi da ake nuna wa baƙi ranar rufe darasi don a samu gudummawa. Ɗalibi ne kamar kowa, idan ya yi daidai a yaba, idan ya ƙi yin aiki a yi masa faɗa. Kuma a tuna cewa a cikinsu akwai malamai. Akwai makaho mahaddaci da zai gyara wa aji guda tilawa, akwai gurgu mai walda da yake ƙera kekunan guragu da hannunsa, akwai kurma tela da ya fi masu ji iya yanka. A ba su aji su koyar.

Saboda haka, duk kwamitin da zai zauna shirya darasin hutu mai zuwa, ya sa wannan a farkon abin da zai tattauna, ya kuma sa nakasasshe ko da guda ɗaya a cikin kwamitin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ranar rufewa kuma, idan aka zo ƙidaya ɗaliban da suka halarta, a ƙidaya waɗanda aka je har gida aka ɗauko. Lafiya aro ce, wanda yake tafiya da ƙafafunsa yau bai san da me zai kwana ba.

Allah Ya ba da ikon gyarawa, amin.